Waƙar da Aka Haifa a Unguwar Baƙi: Tarihin Gambarar Zamani da Rabonmu a Ciki



Duk mazaunin unguwar nan ya san wannan kiɗa ko da bai san sunansa ba. Yana fita daga shagon aski, daga wurin mai cajin waya, daga aljihun ɗan acaɓa. Magana ce a guje bisa bugun ganga, kamar mai gwanjo ya sami ciniki. Masu ita suna kiranta hip-hop, a Hausa kuma an laƙaba mata gambarar zamani. Dattawanmu da yawa in sun ji sai su ce shirme ne, kiɗan 'yan iska. Yara kuma su ce ai Baba ba ku gane ba ne. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

To amma in ka tambayi ɓangarorin biyu ina aka haifi abin nan, su wa suka haife shi, me ya sa, sai ka ji shiru. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan fitowa, don akwai abin da zai ba mai karatu mamaki: wannan waƙa a unguwar baƙi aka haife ta, unguwar 'yan ci-rani da 'ya'yansu, waɗanda gari ya ci moriyar ƙarfinsu kuma ya ƙi ɗaukarsu 'yan gari. Wanda ya tashi a Sabo ba sai an yi masa dogon sharhi a kan irin wannan zama ba.

Kafin kiɗa, magana ce

Daga wajen 1916 zuwa 1970, baƙaƙen fatar Amurka kusan miliyan 6, jikokin bayi, sun bar gonakin kudancin ƙasar sun kwarara biranen arewa da yamma, suna gudun wariya da kisan gilla, suna neman aikin masana'anta. A birnin Niyok sun taru a unguwanni irin su Harlem da Bronx. Can suka haɗu da wasu baƙin daga tsibiran Puerto Rico da Jamaika da Barbados. Kowa da harshensa, kowa da abincinsa, talauci da gidan haya ne suka haɗa su.

A wancan zamani mutumin da ya fi kowa iya faɗa musu halin da suke ciki shi ne Malcolm X, wanda bayan ya sauke farali a watan Afrilun 1964 aka san shi da Alhaji Malik el-Shabazz. A kan hanyarsa ta komawa gida ya biyo ta Nijeriya, ya yi lacca a Jami'ar Ibadan, nan garin da muke zaune, a watan Mayun wannan shekara. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Ko shekara ba a cika ba aka harbe shi a Niyok, ranar 21 ga Fabrairun 1965.

Kisan nan ya girgiza matasan Harlem. Wasu suka ga cewa in an kashe mai magana, to sai a yawaita masu magana. Marubuci Amiri Baraka ya buɗe gidan wasanni da waƙe na baƙaƙe a unguwar a cikin 1965. Ranar 19 ga Mayun 1968, wadda ta yi daidai da ranar haihuwar Malcolm, wasu samari suka tsaya a wani dandali a Harlem suka yi ta zuba waƙa da baki, ba rerawa ba, faɗa ce kawai mai ƙafiya da nauyi. Su ne aka sani da Last Poets. In sun yi wasa, ganga ce kaɗai ke raka su. Dubi sunayen wasu daga cikin waɗanda suka yi zamani a ƙungiyar: Jalal Mansur Nuriddin, Umar Bin Hassan, Sulaiman El-Hadi, Abiodun Oyewole. Ba a haife su da waɗannan sunaye ba. Sun ajiye sunayen da suka gada daga zamanin bauta ne, suka ɗauki na Musulunci da na Yarbawa, don neman asalin da aka raba kakanninsu da shi. A can Los Angeles ma, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, an sami irinsu da ake kira Watts Prophets. Sai Gil Scott-Heron da ya fito da faifansa na farko a 1970.

Abin lura a nan, waƙarsu ba gwamnati kaɗai take duka ba. Rabi na zaluncin 'yan sanda ne da wariya, rabi kuma faɗa ne ga 'yan'uwansu: ku bar ƙwaya, ku bar lalaci, ku bar cika baki ba aiki. Wannan salon na tsayawa gaban jama'a ka faɗi waƙarka da baki shi za mu kira waƙar furuci a wannan rubutu. Ita ce yayar gambarar zamani.

Unguwar da ta ƙone

Mu koma Bronx. Daga 1948 hukumar birnin ta fara yanka wata ƙatuwar hanyar mota ta tsakiyar unguwar, aikin da ya ɗauki shekara fiye da 20 ƙarƙashin wani jami'i mai ƙarfin faɗa-a-ji, Robert Moses. An rushe gidaje, an tashi dubban iyalai. Masu hali suka kwashe kayansu suka koma bayan gari, masana'antu suka rufe. Masu gidajen haya suka lura cewa kuɗin inshora ya fi kuɗin hayar talaka, sai wasunsu suka riƙa biyan yara su cinna wa gidajen wuta. A daidai lokacin kuma birnin yana fama da bashi, har ya kusa tsiyacewa a 1975, ana rufe tashoshin 'yan kwana-kwana a unguwannin da suka fi bukatarsu. Tsakanin 1970 da 1980 Bronx ta yi asarar mutum kusan 300,000. Da Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci wani layi a can a watan Oktoban 1977, hotunan da aka ɗauka sai ka rantse filin yaƙi ne.

Inda hukuma ta janye, 'yan daba ke cike gurbi. Kowane layi da ƙungiyarsa da rigarsa da iyakarsa. Yaro in ya tsallaka layin da ba nasu ba, sai abin da Allah Ya yi. A watan Disamban 1971 aka kashe wani saurayi mai suna Cornell Benjamin na ƙungiyar Ghetto Brothers, kuma ya je raba faɗa ne. Kowa ya zaci za a yi ramuwar da ba a taɓa gani ba. Maimakon haka shugabannin ƙungiyarsa suka kira taron sulhu a wani zauren matasa da ke layin Hoe, shugabannin daba masu yawa suka hallara, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, aka tashi da yarjejeniya. Sulhun bai kashe daba gaba ɗaya ba, amma ya sassauta iyakoki, har yaro ya iya zuwa biki a layin da ba nasu ba ya dawo lafiya. Ba don wannan ba, da wuya abin da ya biyo baya ya yiwu.

Bikin kuɗin kayan makaranta

Ranar 11 ga Agustan 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta kama ɗakin taro na benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick, ta shirya biki don ta sami kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Mata senti 25, maza senti 50. Mai saka faifai yayanta ne, Clive, wanda aka fi sani da Kool Herc, haifaffen Kingston ta Jamaika, wanda ya zo Amurka yana ɗan shekara 12. Daga ƙasarsu ya taho da al'adar jibga manyan lasifikoki da yin magana a kan kiɗa.

Herc ya lura da wani abu. A kowane faifai akwai 'yar gaɓa da mawaƙi ke yin shiru, ganga kaɗai ke tashi, kuma nan ne masu rawa suka fi zabura. Sai ya riƙa sayen faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora a garmaho biyu. Gaɓar in ta ƙare a wannan, ya tayar da ita a wancan, ya mai da 'yan daƙiƙoƙi su zama mintuna. Abokinsa Coke La Rock kuma ya riƙe makirufo yana kiran sunayen abokai, yana yi musu kirari, yana sa dariya. Mu a wurinmu wannan ai sanƙira ne. To daga bakin wannan sanƙiran da irinsa gambarar zamani ta tsiro. Wani yaron, Grandmaster Flash, haifaffen Barbados mai ilimin gyaran lantarki, shi ya goge dabarar har ta zama sana'a.

Da ɗaki ya yi kaɗan sai suka fita dandali, suna jan wuta daga fitilun kan titi. Yaran nan ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, makarantunsu ma an rage darasin kiɗa saboda tsimi. Abin da ke hannunsu, tsofaffin faya-fayan iyayensu da bakinsu, shi suka sarrafa. Kuma ga babban amfanin: gasar da da ake yi da wuƙa da sarƙa ta koma ta baki da rawa da zane a bango. Wasu tsofaffin 'yan dabar Black Spades suka rikiɗe suka kafa ƙungiyar da suka kira Zulu Nation. Har yanzu ana cika baki, ana zambo, ana kā da abokin hamayya, amma kowa ya koma gida da ƙafarsa. Wanda ya taɓa ganin 'yan dambe suna kirari kafin a shiga fage ya san yadda baki ke rage wa zuciya zafi. Muhammadu Ali ma da irin wannan kirari mai ƙafiya ya yi suna tun kafin a san hip-hop.

Ashe aikinta na farko tara jama'a ne. Faɗa wa masu mulki gaskiya daga baya ya zo.

Gidan rediyon marasa gidan rediyo

Faifan farko da ya fitar da ita kasuwar duniya ya fito a 1979, na nishaɗi ne zalla. Sai a 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash ta saki waƙar da ake kira The Message, wadda Melle Mel da Duke Bootee suka furta. Ba kirari a ciki, ba biki. Hoton unguwa ne: ƙazanta, bashi, makarantar da ba ta koyar da komai, da labarin yaron da ya tashi yana sha'awar masu kuɗin banza, ya bar karatu, ya ƙare gawa a kurkuku. Mutanen da ba su taɓa taka Bronx ba suka ji abin da jaridu ba su gaya musu ba.

Shekarun da suka biyo baya sun fi muni. Wani nau'in hodar iblis mai araha, wanda ake dafawa ya daskare kamar tsakuwa, ya mamaye unguwannin baƙaƙe. Dokar da aka kafa a 1986 ta ce wanda aka kama da giram 5 na wannan ta talakawa zai sha ɗaurin shekara 5 aƙalla, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar da masu kuɗi suka fi sha. Laifi iri ɗaya, ma'auni biyu. Gidajen yari suka cika da samarin baƙaƙe. A wannan yanayi ƙungiyar Public Enemy ta fito, jagoranta Chuck D yana kwatanta waƙarsu da tashar labarai ta baƙar fata. A Los Angeles kuma ƙungiyar N.W.A ta saki faifai a 1988 mai zafin suka ga 'yan sanda, da baƙaƙen kalamai da ba za mu iya maimaitawa ba, har wani babban jami'in FBI ya rubuta wa kamfaninsu wasiƙar nuna fushi a 1989. Mutane da yawa suka ce yaran nan sharri suke yi wa hukuma. Sai ga shi a watan Maris na 1991 wani ya ɗauki bidiyon 'yan sanda suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King, yana kwance a ƙasa. Da kotu ta sallami 'yan sandan a Afrilun 1992, birnin ya kama da wuta, mutum fiye da 60 suka mutu. Abin da mawaƙa suka yi shekaru suna faɗa, sai da jini ya zuba aka yarda.

Ba su bar gyaran cikin gida ba kuma. Bayan an kashe abokin aikinsa Scott La Rock a 1987, shi ma wajen raba rigima, mawaƙi KRS-One ya tara manyan mawaƙan Niyok suka yi waƙa guda a 1989 ta kiran matasa su daina kashe juna, kuɗin da aka samu aka ba wata ƙungiyar taimakon baƙaƙe.

Da yake za a tambaya, bari mu taɓo batun addini. Sunayen Musulunci da kalmomin Larabci sun cika wannan waƙa, amma a yi hattara. Wasu mawaƙan 'yan ƙungiyar Nation of Islam ne, wasu na wani reshe da ya ɓalle daga cikinta a shekarun 1960 mai da'awar wai baƙin mutum shi ne abin bauta, wa'iyazu billahi. Wannan ba Musulunci ba ne ko an sa masa rawani. Malcolm da kansa ya bar waccan aƙida kafin a kashe shi, kuma bayan rasuwar Elijah Muhammad a 1975 ɗansa Warith Deen ya ja mafi yawan mabiya zuwa tafarkin Sunna. Akwai kuma mawaƙa Musulmi na sosai, irin su Yasiin Bey da Lupe Fiasco. Saboda haka yaro kada ya ji an ambaci sunan Allah a waƙa ya ɗauka an gama magana.

Ranar da kuɗi ya shigo

Mu 'yan kasuwa mun san abin da ke faruwa da haja in manyan dillalai suka gano tana da riba. Manyan kamfanoni suka lura cewa waƙar bindiga da ƙwaya da tsiraici ta fi saurin fita, har a wurin 'ya'yan Turawa na unguwannin masu kuɗi waɗanda ba su san yunwa ba. Sai suka zuba jari a wannan, suka bar mai wa'azi yana neman wanda zai buga masa faifai. Abin da aka fara don a ba da labarin ciwo ya koma tallar ciwon. Mata, waɗanda da su aka kafa abin tun daga Cindy, suka zama abin zagi a baitoci, har Queen Latifah ta mai da martani da waƙa a 1993. A wannan shekarar ce dattawan baƙaƙe da kansu, irin su C. Delores Tucker da wani babban limamin coci na Harlem, Calvin Butts, suka tashi haiƙan suna yaƙar wannan ɓarna.

Ƙarshen abin ya zo da gawa biyu. Zambo tsakanin mawaƙan gabas da na yamma ya tashi daga wasa ya zama gaba. Aka harbe Tupac Shakur a Las Vegas a Satumban 1996 yana da shekara 25, ɗan matar da ta yi gwagwarmaya a ƙungiyar Black Panther. Bayan wata shida aka harbe Notorious B.I.G. a Los Angeles yana da 24. Waƙar da ta fara da sulhun 'yan daba ga inda kasuwa ta kai ta. Baki shi ke yanka wuya. Dattijon da ya ce akwai shara a cikin wannan kiɗa bai yi ƙarya ba.

'Ya'yan tsakiya

Ita kuwa waƙar furuci, da yake ba ta da riba sosai, sai ta tsira daga dillalai. A nan akwai labarin da ya fi kowane kama da namu. 'Ya'yan mutanen Puerto Rico da aka haifa a Niyok sun tashi a tsaka mai wuya. A Niyok ana ce musu baƙi. In sun je tsibirin iyayensu a yi musu dariya, a ce Sifaniyancinsu ya gurɓata, a kira su Nuyorican don ba'a. A 1973 wani malamin jami'a, Miguel Algarín, ya fara tara mawaƙansu a falon gidansa. Suka ɗauki sunan ba'ar nan suka sa wa zaurensu, suka riƙa waƙa da harshen da suke magana da shi a titi, Turanci da Sifaniyanci a cakuɗe, ba kunya. Zauren ya shahara har duniya ta san shi.

Wane yaron Sabo ne bai san wannan ba? A nan a ce masa Gambari ko aboki, ko da kakansa a Ibadan aka binne shi. In ya je Kano ko Katsina a ce ɗan Kurmi ne, Hausarsa da Yarbanci a ciki. Takardar shaidar asali ta zama masa bala'i a nan da can. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ciwon da ba a faɗa ba shi ke zama ƙwaya ko daba.

A Shikago kuma wani lebura mai aikin gini, Marc Smith, ya mai da waƙar furuci gasa a tsakiyar shekarun 1980. Ƙa'idar da ta bazu mai sauƙi ce: waƙar ta zama taka, minti 3, ba kiɗa, ba kayan wasa, alƙalai 5 daga cikin 'yan kallo ake zaɓo su. Ba sai kana da digiri ba. Daga 2002 zuwa 2007 an yi ta nuna irin wannan a talabijin ɗin Amurka, Yasiin Bey ne mai gabatarwa. A 2018 mawaƙin gambara Kendrick Lamar ya karɓi lambar Pulitzer, a 2021 kuma wata budurwa baƙar fata 'yar shekara 22, Amanda Gorman, ta furta waƙarta a bikin rantsar da shugaban ƙasa. Abin da aka fara a dandalin Harlem ya hau mumbarin gwamnati.

Ta dawo gida

Da ta ƙetaro Afirka, inda ta fi tasiri shi ne inda matasa suka bar kwaikwayon Amurkawa suka koma harshen uwa. A Sanagal, mawaƙan ƙungiyar Keur Gui na garin Kaolack tare da wasu 'yan jarida sun kafa Y'en a Marre a Janairun 2011, saboda ɗauke wuta da tsadar rayuwa. Ba su tsaya ga waƙa ba, unguwa-unguwa suka bi suna sa matasa yankar katin zaɓe, kuma a Maris na 2012 Abdoulaye Wade ya faɗi zaɓen neman wa'adi na uku. A Tunisiya an kama wani matashin mawaƙi, El Général, a farkon Janairun 2011 saboda waƙar da ya yi wa shugaban ƙasa, kafin wata ya ƙare shugaban ne ya gudu. A Barkina Faso mawaƙi Smockey na cikin jagororin ƙungiyar tsintsiya da ta taimaka wajen kawar da Blaise Compaoré a Oktoban 2014, bayan shekara 27 yana mulki.

Hausa ma ba a bar ta a baya ba. 'Yan ƙungiyar VIP na Gana daga Nima suka fito, zangon Ankara, unguwar baƙi irin tamu, kuma sun sa Hausar zango a waƙoƙinsu har duk ƙasar ta ji. A Nijar an yi su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya. A nan gida Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya saki Jaga Jaga a 2004, ta ɓata wa Shugaba Obasanjo rai, aka hana sa ta a rediyo, amma ba a iya hana ta a kasuwa da tasha ba. A Kano, Nazir Ahmad Hausawa da ake kira Ziriums ya yi amfani da gambara wajen sukar yadda ake takura wa masu fasaha.

Kuma mu faɗi gaskiya, Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa yaƙi da baiti ba. Da waƙa Shehu Usmanu da jama'arsa suka isar da karatu ga wanda bai iya Larabci ba. Nana Asma'u ta riƙa ba jajis waƙoƙi su kai wa matan ƙauye. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa mulkin mallaka da danniyar 'yan sandan En'e abin da Last Poets suka yi wa 'yan sandan Niyok, tun a shekarun NEPU da aka kafa a 1950, kafin a haifi Kool Herc. Yaron da ke gambara da Hausa a yau yana da kakanni biyu, ko ya sani ko bai sani ba.

Rabonmu

Tun 1916 aka kafa Sabo. Iyayenmu sun zo da shanu sun koma da goro, sun gina masallatai da makarantu, sun zauna da maƙwabta da daɗi ba daɗi. Mun ji abin da ya faru a Shagamu a 1999 da Idi-Araba a 2002, mun kuma ga na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, inda 'yar ƙaramar taƙaddama ta ci rayuka da shaguna na ɓangarorin biyu. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wasu ne ke ba da labarinmu, da bakinsu, yadda suka ga dama. Yaranmu kuwa suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci da Burokin, baiwar da 'yan gari da yawa ba su da ita. In ba su suka gaya wa Ibadan ko mu su wane ne ba, wa zai faɗa?

Game da hukunci, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma ba a shafin mujalla za a warware shi ba. Amma baiti shi kansa magana ne, mai kyansa mai kyau ne, mummunansa mummuna. Ƙarshen Suratus Shu'ara'i ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe masu imani da aikin ƙwarai da yawan ambaton Allah, waɗanda suka kare kansu bayan an zalunce su. Hassanu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi, a cikin masallacin Madina yake kare Manzon Allah (SAW) da waƙa. Waƙar furuci kuwa ba ganga a cikinta balle a yi gardama.

Don haka ga shawararmu ga shugabannin unguwa da malaman Islamiyya da ƙungiyoyin matasa. A ba yaran nan fili, ko sau biyu a shekara, bayan ƙaramar Sallah da babba, a harabar makaranta. Kowa ya zo da abin da ya rubuta da kansa, maza da lokacinsu, mata da nasu. Sharaɗi uku kawai: ba batsa, ba zagin ƙabila ko addinin kowa, ba cin mutuncin wani da suna. Bayan wannan a bar su su faɗi abin da ke ransu, ko da mu dattawa zai taɓa: kwatar da ta toshe, ƙwayar da kowa ya san inda ake sayarwa, yaron da ya gama sakandare yana zaune, kamen da ake yi wa na kirki tare da na banza. A gayyato matasan Yarbawa na Mokola su zo da nasu baitocin, su ji namu. Tsofaffin da suka san zamanin fatake da jirgin shanu su zauna da yaran su ba su labari, don mai waƙa sai da abin faɗa.

Ku kuma samari, ga tarihi kun ji. Waɗanda suka ƙago abin nan 'ya'yan haya ne irinku, sun yi shi ne don su daina kashe juna, su kuma sa a ji kukansu. Sarƙar wuya da zagin mata da tallar bindiga kayan dillalai ne da aka ɗora daga baya. In za ku ɗauka, ku ɗauki na asali, ku yi shi da Hausarku ta Sabo yadda take, ku tuna kuma kowace kalma akwai masu rubutawa a dama da hagu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya, Ya sa bakinmu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Amin.